Me Ya Sa Likita Ya Ce Ka Dawo Wata Rana?

Sau da yawa mutum yakan zo da ƙaba ko gwaiwa, likita ya duba shi, ya ce sai an yi aiki, amma ya dawo bayan mako uku. Yana fita sai ya ga ɗakin tiyata babu kowa. Ransa ya ɓaci, ya ce an raina shi ne. Ɗan'uwa, ba raini ba ne. Bari in bayyana maka.

Ka tuna da motar kasuwa. In ta tashi da kujera babu mutum, kuɗin kujerar ya tafi ke nan. Haka lokacin ɗakin tiyata yake, awar da ta wuce ba ta dawowa. Kamfanonin jirgin sama a Amurka sun ƙware a wannan lissafi tun bayan 1978. Sukan sayar da yawancin kujeru da wuri, su ajiye kaɗan domin masu zuwa a ƙurarren lokaci, waɗanda za su biya da tsada. Asibitoci sun ari wannan dabara. Amma a wurinmu ba mai kuɗi ake ajiye wa wuri ba, sai wanda ransa ke cikin haɗari.

Mukan duba littafin aikin watannin baya, mu ga yawan masu zuwa da gaggawa: mace mai doguwar naƙuda, wanda ya yi haɗarin babur, wanda hanjinsa ya toshe. Sai mu ware musu awoyi kowace rana. Sauran lokacin mu raba wa masu ciwon da zai iya jira, kamar ƙaba, gwaiwa da maƙoƙo. In muka cika ranar da su, mai naƙuda ta iso, ina za mu kai ta?

Don haka ka taimake mu:

Ka zo ranar da aka sa maka. In ba za ka iya ba, ka aiko da saƙo da wuri, a ba wani.

Kada ka ci abinci awa 6 kafin aiki. In ka ci, dole a ɗaga, lokacin ya tafi a banza.

In ƙabar ta kumbura ta ƙi komawa, da zafi da amai, kada ka jira ranarka. Ka zo nan take, ko da tsakar dare ne. Wurin da aka ajiye naka ne.

In kuwa aka ɗaga aikinka saboda wani, ka yi haƙuri. Wataƙila gobe matarka ce za ta buƙaci wannan wuri. Allah ya ƙara mana lafiya.