Ɗan Kasuwa Da Jirgin Sama: Abin Lura Game Da Tikiti, Kaya Da Ya Da Zango

Tun daga shekarar 1925 da jirgin sama ya fara sauka a Kano, birnin ya kasance ƙofar da fataken Arewa ke bi zuwa kasuwannin duniya. A yau 'yan kasuwar Kantin Kwari da na Sabon Gari da masu sayar da wayoyin hannu a Farm Centre suna zirga-zirga zuwa Dubai da Jidda da Alƙahira da Istanbul, har zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin, inda ake cin babbar kasuwar baje koli ta Canton sau biyu a shekara tun 1957. Sai dai tun da kamfanin Nigeria Airways mallakar Gwamnatin Tarayya ya daina aiki a 2003, akasarin waɗannan tafiye-tafiye sun koma hannun kamfanonin ƙasashen waje, waɗanda kowannensu ke fara kai fasinja babban filin jirgin ƙasarsa kafin ya sauya masa jirgi. Saboda haka ya da zango a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha ko Istanbul ya zama ruwan dare, kuma a wannan sauyin jirgi ne 'yan kasuwa da dama ke tafka asarar lokaci da ta dukiya.

Tikiti Ɗaya Ko Tikiti Biyu

Tambaya ta farko da ta kamata matafiyi ya yi wa dillalin da ke yankar masa tikiti ita ce, shin tafiyar duka a kan tikiti ɗaya take, ko kuwa tikiti biyu ne aka haɗa? Bambancin yana da girma ƙwarai. Idan tikiti ɗaya ne daga Kano zuwa Guangzhou, kamfanin ya ɗauki alkawarin kai fasinja da kayansa har ƙarshen tafiya. In jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi, a wuyan kamfanin yake ya saka shi a jirgi na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma galibi yakan ba shi abinci da masauki idan jiran ya kai ga kwana.

Idan kuwa tikiti biyu ne, alal misali ɗaya daga Kano zuwa Legas a jirgin cikin gida, ɗaya kuma daga Legas zuwa ƙasar waje, to kowane kamfani iyakar nasa ya sani. Jirgin Kano yana makara, kamfanin na biyu zai rubuta cewa fasinja bai zo ba, kuma bisa ƙa'idar yawancin kamfanoni, wanda ya rasa zangon farko na tikitinsa an soke masa sauran zangunan ke nan, har da na dawowa. Ragin da aka samu wajen raba tikitin bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kuɗin sabon tikiti da za a yanka a ranar tafiya. Araha dai ba ta ado.

Wanda ya zama dole ya raba tikiti, ya kamata ya bar tazara mai yawa tsakani. A filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Legas, ɓangaren jiragen cikin gida daban yake da na ƙasashen waje, sai fasinja ya karɓi kayansa ya fito ya shiga mota, ga kuma cunkoson hanya. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu kuma, hazo yakan tsayar da jirage a filayen Arewa na tsawon sa'o'i, wani lokaci ma yini guda. A irin wannan lokaci, isa Legas ko Abuja tun ana gobe tafiya shi ne rigakafin da ya fi magani.

Har ila yau, lokacin da aka rubuta a tikiti lokacin garin da ake magana a kansa ne. Addis Ababa da Jidda sun riga Nijeriya da sa'a 2, Dubai da sa'a 3, Guangzhou da sa'a 7. Jirgin da aka rubuta zai tashi ƙarfe 00:30 na ranar Talata, a daren Litinin ake zuwa filin jirgi dominsa. Wannan ɗan ruɗani ya sa mutane da yawa sun iso bayan jirginsu ya yi kwana guda da tashi.

Takardun Ya Da Zango

Ba kowane zango ake tsayawa ba tare da biza ba. Mai fasfo ɗin Nijeriya yana cikin waɗanda dokar ƙasashen Turai na yankin Schengen ta wajabta wa bizar wucewa, ko da ba zai fita daga cikin filin jirgi ba, sai dai in yana cikin waɗanda aka keɓe, kamar mai riƙe da ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada ko Japan. Birtaniya ma tana da irin wannan sharaɗi. Kamfanin jirgi ba zai bar fasinja ya shiga ba idan takardunsa ba su cika ba, domin shi ake ci tara idan ya kai shi.

Ƙasashe da dama suna neman fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Katin rigakafin cutar shawara shi ma abin riƙewa ne a hannu. Yana fara aiki kwana 10 bayan an yi allurar, kuma tun watan Yuli na 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa allura ɗaya ta isa har tsawon rayuwa.

Dangane da kuɗi, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa duk wanda zai fita ko ya shigo Nijeriya da tsabar kuɗin da ya haura dala 10,000, ko kwatankwacinsa, ya bayyana shi ga jami'an kwastan. Ɗaukar kuɗin ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi, kuma hukuncin yana iya kaiwa ga ƙwace kuɗin da ma ɗauri.

Awon Kaya

Kamfanoni da yawa da ke zuwa Nijeriya suna ba fasinjan kujerar gama-gari damar akwati 2, kowanne kilo 23, da jakar hannu ta kimanin kilo 7, amma adadin yana bambanta daga tikiti zuwa tikiti, kuma abin da aka rubuta a tikitin shi ne hujja. Akwati ɗaya ba ya wuce kilo 32 ko da an yarda a biya, domin kare lafiyar ma'aikatan da ke ɗagawa. Wanda zai haɗa da jirgin cikin gida a kan tikiti daban ya sani cewa awonsu ya fi ƙanƙanta, don haka kayan da suka zo kyauta daga Dubai suna iya jawo masa biyan kuɗi tsakanin Legas da Kano.

A nan ne lissafin kasuwanci ke shigowa. Kuɗin rarar kaya a wurin awo shi ne mafi tsada, sayen ƙarin kilo tun kafin ranar tafiya yakan fi sauƙi, aikawa ta kago kuma ya fi duka rahusa a kan kowane kilo idan kayan suna da yawa. Amma masu kago suna auna nauyi da kuma girma, su caji wanda ya fi yawa. Ƙa'idar da aka saba ita ce a ninka tsawo da faɗi da tsayi na kwali a santimita, a raba da 6,000. Kwalin da ke da santimita 60 da 50 da 40 zai ba da 120,000, wato kilo 20 ke nan, ko da a sikeli kilo 8 ya nuna. Mai sayen takalma ko jakunkuna ko kayan roba ya kamata ya yi wannan lissafi tun yana shago, kafin ya sa wa hajarsa farashi. Kayan sayarwa kuma, ko a akwatin fasinja suka zo, ba su kuɓuta daga harajin kwastan ba.

Game da abin da ake ɗauka, tun 2006 yawancin filayen jirage ba sa barin abu mai ruwa ya wuce a jakar hannu sai a mazubin da bai fi mililita 100 ba. Masu sayen turare da man shafawa su zuba nasu a babban akwati. Batirin ajiyar caji da sauran batiran lithium da ba a cikin na'ura suke ba kuwa a jakar hannu kaɗai ake yarda da su, saboda haɗarin gobara, kuma tun watan Afrilu na 2016 aka hana ɗaukar irin waɗannan batira a matsayin kago a jiragen fasinja. Dillalan kayan waya su lura da wannan kafin su sayi kwalaye.

Alamar Kaya Da Amanar Wani

Ƙaramar takardar da ake manna wa fasinja bayan an auna kayansa ita ce shaidarsa ɗaya tilo. Ya duba adadin akwatunan da aka rubuta da sunansa, ya kuma duba haruffa ukun da ke nuna inda kayan za su sauka. Alamar Kano ita ce KAN, ta Guangzhou kuma CAN, harafi ɗaya ne ya raba su. Ya kuma tambaya ko kayan za su wuce kai tsaye, ko kuwa sai ya karɓe su a zango ya sake aunawa.

Muhimmancin wannan ya fito fili a watan Disamba na 2018, lokacin da hukumomin Saudiyya suka tsare wata ɗaliba da ta tashi daga Kano, bisa wata jaka mai ɗauke da ƙwayoyin Tramadol da aka liƙa wa sunanta. Binciken hukumar NDLEA ya gano cewa wasu ma'aikata ne a filin jirgi suka aikata haka ba da saninta ba, kuma sai a ƙarshen watan Afrilu na 2019 aka sake ta. Darasin a bayyane yake: kada matafiyi ya ba wani fasfo da tikitinsa ya auna masa kaya a bayan idonsa, kada kuma ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani ba, ko daga wa ya fito. Kunyar ƙin karɓa ta yini ɗaya ce, ɗaurin ƙasar waje kuwa na shekaru ne.

Idan Kaya Suka Ɓace

Alƙaluman kamfanin SITA, mai kula da na'urorin sadarwar jiragen sama, sun nuna cewa a 2022 an sami matsala da akwati 7.6 a cikin kowane fasinja 1,000 a duniya, adadin ya sauko zuwa 6.9 a 2023, kuma sauyin jirgi shi ne babban sanadi. Gajeren zango yana iya isar fasinja ya ruga ya kama jirgi, amma bai isa akwatinsa ya biyo shi ba.

Wanda bai ga kayansa ba, kada ya bar filin jirgi sai ya je teburin kamfanin an cika masa takardar rahoto da ake kira PIR, ya karɓi lambarta. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta gaji ta Warsaw ta 1929 kuma Nijeriya ta shigar da ita cikin dokar sufurin jiragen samanta a 2006, ta tsara wa'adi a tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa. Ƙorafin lalacewar kaya ana shigar da shi a rubuce cikin kwana 7. Na jinkiri cikin kwana 21 daga ranar da aka karɓi kayan. Idan kwana 21 suka wuce kaya ba su iso ba, ana ɗaukar su ɓatattu. Damar zuwa kotu kuma tana ƙarewa bayan shekara 2.

Abin da ya fi shafar ɗan kasuwa shi ne iyakar diyya. Ana lissafa ta da ma'aunin SDR na Asusun Ba Da Lamuni na Duniya. Ta fara da 1,000, ta koma 1,131 a 2009, sai 1,288 a 2019, kuma daga ranar 28 ga Disamba, 2024 ta zama 1,519, wato kimanin dala 2,000. Wannan adadi na fasinja ɗaya ne, ko akwati nawa ya auna, kuma shi ne ƙololuwa, sai an nuna rasit kafin a biya. Ke nan wanda ya zuba wayoyi ko gwala-gwalai na dala 15,000 a akwati, kaso kaɗan na jarinsa dokar ta kare. Mafita ita ce ya riƙe masu daraja a jakar hannu, ko ya bayyana darajarsu a wurin awo ya biya ƙarin kuɗi kamar yadda yarjejeniyar ta tanada, ko ya aika ta kago tare da inshora.

A cikin gida, Sashe na 19 na ƙa'idojin Hukumar Kula Da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, ya ba fasinja haƙƙin samun abin taɓawa idan jirgi ya makara da sa'a 2, da damar karɓar kuɗinsa idan jinkirin ya kai sa'a 3, da masauki idan dare ya yi. Hukumar tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filaye, kuma wurinsu ake kai ƙara idan kamfani ya yi kunnen uwar shegu.

Daga ƙarshe, ya kamata 'yan kasuwa su riƙa bibiyar halin da kamfanonin ke ciki. Lokacin da kuɗaɗen kamfanonin waje da suka maƙale a Nijeriya saboda ƙarancin dala suka haura dala miliyan 800 a 2023, kujeru masu rahusa sun yi wuyar samu. Kamfanin Emirates ma ya dakatar da zuwa Nijeriya tun 2022, bai dawo Legas ba sai ranar 1 ga Oktoba, 2024. Kuɗin tafiya wani ɓangare ne na kuɗin saye, kuma wanda bai shigar da tikiti da rarar kaya da kwastan da kwanakin jira cikin lissafinsa ba, bai san ainihin ribarsa ba. Tambayoyi uku kafin biyan kuɗi sun isa su kare jari mai yawa: tikiti nawa ne, kilo nawa ne, kuma ina za a karɓi kaya. Matambayi dai ba ya ɓata.