Matsalolin haɗa sabulun ruwa da shamfu a gida: sababinsu da hanyoyin gyara

1. Gabatarwa

A Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, haɗa sabulun ruwa yana cikin sana'o'in da ake koya wa ƙungiyoyin mata da matasa. Mai koyo yakan tashi daga horo da takarda guda ɗauke da jerin kaya da awonsu. In haɗi ya ɓaci, takardar ba ta gaya masa dalili, sai ya ƙara gishiri ko ruwa bisa zato, har jarin ya tafi. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa matsalolin da masu farawa ke kuka da su suna da sababi sananne a ilimin kimiyya, kuma akasarinsu sun dogara ga abubuwa uku da ake iya aunawa: yawan gishiri, da matsayin pH, da irin ruwan da aka yi aiki da shi.

2. Abu biyu masu suna ɗaya

Wajibi ne a fara bambanta iri biyu da kasuwa ke kira sabulun ruwa. Na farko shi ne sabulu na ainihi, wanda ake samu idan mai ya haɗu da alkali, kamar yadda Chevreul ya bayyana a Faransa a 1823. Soda mai cin hannu (NaOH) tana ba da sabulu mai tauri, fotas (KOH) kuwa yana ba da mai laushi da ke narkewa a ruwa. Sabulun salo na gargajiya, da ake yi da ruwan toka, ɗan wannan gida ne. Na biyu haɗi ne na sinadarai da aka riga aka sarrafa a masana'anta, musamman Texapon N70, wanda kashi 70 cikin 100 nasa sinadarin wanki ne. Wasu suna ƙara asid sulfonik. A wannan iri babu mai da ake dafawa. Ana sirkawa ne kawai a kaurara.

Maganin da ke gyara ɗayansu yana iya ɓata ɗayan. Saboda haka tambaya ta farko ga duk wanda ya kawo haɗin da ya lalace ita ce: wane iri ne?

3. Tsinkewa da rashin kauri

Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa a haɗin N70. Ƙwayoyin sinadarin wanki suna taruwa a ruwa cikin ƴan dunƙule da ake kira misel. Kawunansu suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, don haka suna tunkuɗe juna, dunƙulen kuma ya zauna ƙarami kamar ƙwallo. Gishiri yana rage wannan tunkuɗa, sai dunƙulen su miƙe kamar zare, su sarƙe da juna, ruwan ya yi kauri. Amma kaurin yana da iyaka. Idan gishiri ya wuce ta, zaren yakan yi rassa ya daina riƙe ruwan, haɗin ya sake tsinkewa, wani lokaci ya yi hazo.

Ke nan tsinkakken sabulu yana iya zama na ƙarancin gishiri ko na yawansa, ido kuwa ba ya bambanta su. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A ɗebi kofi biyu daga haɗin. A ɗiga ruwan gishiri a na farko, a ɗan ƙara ruwa zalla a na biyu. In na farko ne ya yi kauri, gishiri bai isa ba. In na biyu ne, gishiri ya yi yawa, gyaransa kuma shi ne a dama sabon haɗi maras gishiri a gauraya su.

Abubuwa uku suna ƙara rikita lissafin. Turare yakan sassauta kauri, don haka a zuba shi kafin gishirin ƙarshe. Zafi ma yana sassautawa: haɗin da ya yi daidai a lokacin ɗari zai iya zama ruwa-ruwa a bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Na uku shi ne yawan sirki. Kilo 1 na N70 cikin lita 10 yana ba da kimanin kashi 7 cikin 100 na sinadarin wanki; in an kai shi lita 20, gishiri ba zai rufe gibin ba.

4. Gudaji, hazo da rabuwa

N70 yakan daskare ya zama gudaji masu wuyar narkewa idan aka zuba masa ruwa kaɗan-kaɗan, domin a tsakanin kashi 30 da 60 cikin 100 yana komawa kamar ƙaro. A riƙa zuba shi cikin ruwan ana damawa a hankali, sannan a bar haɗin ya kwana. Kumfar da ta sa shi fari za ta kwanta da kanta.

A sabulu na ainihi, mai da ke tasowa sama alama ce ta ƙarancin fotas. Kowane mai yana da awonsa. Kilo 1 na man gyaɗa yana bukatar kusan giram 190 na KOH zalla. Da yake na kasuwa galibi kashi 90 cikin 100 ne, awon yakan kai giram 210. Man kwakwa yana bukatar fiye da giram 250. Wanda ya musanya mai bai sake lissafi ba, zai samu sabulu mai maiƙo ko mai ƙuna. Man kaɗanya kuwa yana ɗauke da wani kaso da ba ya zama sabulu, shi ya sa haɗinsa ba ya yin garau ko da awo ya yi daidai. Kanwa ba ta maye gurbin fotas, domin ƙarfinta kaɗan ne kuma yana sauyawa daga wannan dunƙule zuwa wancan.

5. Ruwa da kumfa

Ruwan da ke da yawan kalsiyum da magneziyum yana kama sabulu na ainihi ya mai da shi dauɗa fara-fara, kumfa ta mutu. Ana tsammanin irin wannan ruwa a rijiyoyin wuraren da ƙasa ke da farin dutse, kamar yankin Malbaza inda ake haƙarsa don siminti. N70 ya fi jure wannan ruwa. Don gwaji, a girgiza awo ɗaya na sabulun a kwalba biyu, ɗaya da ruwan rijiya, ɗaya da tataccen ruwan sama, a kwatanta kumfar.

6. Shamfu da batun pH

Fatar kai tana da pH kusan 5,5, sabulu na ainihi kuwa yana tsakanin 9 da 10. Wannan bambanci ne ke sa gashi ya yi kaushi ya cukurkuɗe. Ba a gyara shi da zuba lemun tsami cikin sabulun, domin asid yana warware sabulu ya fito da mai. Shamfu na N70 ne ake iya saukar da shi zuwa tsakanin 5 da 6 da asid sitirik, kaɗan-kaɗan, ana dubawa da takardar gwajin pH. Asid sulfonik na wanke-wanke ne da wanki, bai dace da gashi ba. Ko a can ma sai an kashe tsaminsa da kimanin giram 130 na NaOH ga kowane kilo, a tabbatar da takarda cewa pH ya zo kusa da 7. Sabulun da ke cin hannu, yawanci a nan kuskuren yake.

7. Wari da lalacewa

Haɗin da yawancinsa ruwa ne, pH ɗinsa kuma kusa da 7, wuri ne da ƙwayoyin cuta ke haihuwa, balle in an ƙara zuma ko ruwan ganye. Benzowat na sodiyum yana kariya ne kawai idan pH yana wajen 5 ko ƙasa. Fomalin, da wasu takardun horo ke ambata, a guje shi: hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya fomaldehid cikin abubuwan da ke haddasa cutar tun 2004. Haɗin da ya yi wari ba shi da gyara, sai zubarwa.

8. Kariya

Soda ake zuba wa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Kada a yi aiki da tukunyar alminiyum, domin alkali yana cinta yana fitar da iskar hidirojin. A sa safar hannu da tabarau. Kada a taɓa ajiye ruwan soda a gorar ruwan sha, domin yaro ba ya bambanta su, ƙunar maƙogwaro kuma tana iya zama ta har abada. In ya taɓa fata ko ido, a wanke da ruwa mai yawa na minti 15 ko fiye. In ido ne, a tafi likita nan take.

9. Kammalawa

Abin da muke ba da shawara ga masu tsara horo shi ne a haɗa takardar awo da kaya uku masu araha: sikeli mai auna giram, da takardar gwajin pH, da littafin rubuta abin da aka zuba a kowane haɗi, har da ranar da rijiyar da aka ɗebo ruwan. Kuma a koya wa mai farawa ya gwada kowane gyara a kofi ɗaya kafin ya taɓa bokitin.