Mece ce gajeriyar sandar giya da matasa ke sakawa a mota?

A gareji-garejin Ayigya Zango, kusa da jami'ar KNUST a Kumasi, ana jin wasu matasa masu motocin giyar hannu suna tambayar gajeriyar sandar giya.

Sanda ce da ake saye daban a maye gurbin ta kamfani, don rage tazarar da hannu ke yi daga giya zuwa giya. Kamfanonin Amurka irin su Hurst da B&M sun daɗe suna ƙera ta don motocin tsere.

Ba yanke sandar ake yi ba, kamar yadda wasu ke zato. Wurin da take juyawa ake ɗagawa sama, sai ɓangaren ƙasa ya ƙara tsawo. Ɗan motsi kaɗan a sama ya isa ya tura giya. Bakanike kan cire marfin roba, ya kwance tsohuwar, ya shafa giris, ya ɗaura sabuwar, sannan ya gwada kowace giya har da ribas kafin a tayar da inji.

Ƙarfin inji ba ya ƙaruwa ko kaɗan, kuma sandar takan yi tauri a hannu. Direban da ke fizgar ta kafin ya taka kuloci sosai, giyabos ɗinsa zai ci.

Masu tasi da motocin haya na toroto ba su da buƙatarta a cunkoson hanyar Accra. Mai so kuwa, Suame Magazine da ke Kumasi ce kasuwarsa, kuma lallai ya je da samfurin motarsa da shekararta, don kowace mota da irin tata sandar.