Kafin a sayi makirufo a Farm Centre: abin da masu ɗaukar bidiyo a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ya kamata su sani

Duk wanda ya taɓa ɗaukar bidiyo a bakin titin Zariya, tsakanin gadar Dangi da Asibitin Malam Aminu Kano, ya san abin da yake ji in ya koma gida ya kunna: hon ɗin adaidaita sahu, ƙarar manyan motoci, janaretan mai shagon kusa, sannan can ƙasa-ƙasa muryarsa. Hoton ya fita tas, amma ba a jin magana. Mai tallan atamfa ko turaren wuta a TikTok da WhatsApp, in ba a ji farashin da ta faɗa ba, ciniki ya wuce ta, domin mai kallo yakan haƙura da hoto mai dishi-dishi amma ba ya jure sautin da ke sa shi matsa waya a kunne.

Mafi yawan matasa a nan sai su nufi kasuwar waya ta Farm Centre, tunda ga ta nan a Tarauni, su ce a ba su mayik mai kyau. Sai dai matsalar sau da yawa tazara ce tun kafin a zo maganar na'ura. Duk lokacin da aka ninka nisan da ke tsakanin baki da makirufo, ƙarfin muryar da yake kamawa yana raguwa da kusan desibel 6, alhali hayaniyar titi tana nan yadda take. Wayar da aka kafa a nisan mita biyu don mutum ya fito gaba ɗaya a hoto, titin Court Road take ji fiye da mai magana. Amfanin makirufon maƙalawa a riga ke nan: yana kawo kunnen waya kusa da baki, kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa. Shi ya sa iyafis ɗin da aka saba saya tare da waya, in an maƙala shi a wuyan riga, yakan doke makirufo mai tsada da aka ajiye can nesa.

Mai igiya shi ne mafi arha kuma mafi ƙarancin rigima. Boya BY-M1 ya shahara a wannan sahun. Igiyarsa ta kai kusan mita 6, yana da ɗan maɓalli na zaɓar kyamara ko waya, kuma yana cin ƙaramin batir na LR44 ne kawai in za a haɗa shi da kyamara. Abin dubawa shi ne bakin filogin. Na waya zobba uku baƙaƙe gare shi, na kyamara biyu. In aka cusa mai zobba biyu a waya ba tare da mahaɗi ba, wayar za ta ɗauka abin sauraro ne kawai, ta ci gaba da ɗauka da makirufonta na ciki, mai ita kuma yana can yana zagin mai shago. Masu iPhone su tuna tun iPhone 7 a 2016 aka cire ramin iyafis, kuma daga iPhone 15 a 2023 kamfanin Apple ya koma Type-C, don haka mahaɗin da ya yi wa wayar yaya aiki ba lallai ya shiga ta ƙani ba.

Marar igiya shi ne abin yayi. Ƙananan nan da ake kira K8 da K9 sun cika kasuwa, kuma suna biyan buƙata in ba a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu ba. Suna aiki ne a zangon 2.4GHz, inda Wi-Fi da Bluetooth ma suke, saboda haka a wuri mai cunkoso, ko in mai magana ya juya wa waya baya, murya takan yanke. Tace hayaniyar da suke yi ma takan wuce gona da iri, har murya ta koma kamar daga cikin rijiya ake magana. Na Hollyland da Rode da DJI sun fi su nesa ba kusa ba, kuɗinsu ma haka. Wanda bidiyonsa bai fara kawo masa ko sisi ba, bai kamata ya ci bashi a kansu ba.

Akwai wani tarko da ya fi kama masu wayoyin Android. A wasu, sai an shiga saiti an kunna OTG kafin waya ta gane an jona mata wani abu ta ramin caji. A wasu kuma manhajar kyamarar da ta zo da wayar ce ba ta kula makirufon waje. Manhajar Open Camera kyauta ce, kuma tana barin mutum ya zaɓi inda sauti zai fito. Gwajin mai sauƙi ne, kuma a gaban mai shago ya kamata a yi shi kafin a miƙa kuɗi: a fara ɗauka, a ƙwanƙwasa kan makirufon da farce, a ƙwanƙwasa jikin wayar, sannan a saurara a ji wanne ya fi ƙara. A yi 'yan taku kuma ana magana. Jabu na yawo a cikin kwali mai kama da na asali, kuma mayar da kaya bayan an bar kasuwa ba ƙaramin aiki ba ne.

Shi kuma babban nan mai kan zinare, BM-800, da ake haɗawa da akwatin V8, kyan gani ya fi yi. Irinsa yana da kunne sosai, ga shi yana son wuta ta musamman kafin ya yi ƙarfi. A situdiyon Zoo Road da aka lulluɓe bangonsa da soso, jin kunnen nan alheri ne. A ɗakin samari mai tayil da bangon siminti, zai kwaso fanka, kukan akuyar maƙwabta da amsa-kuwwar ɗakin baki ɗaya. Mai karanta labari ko yin sharhin ƙwallo a zaune ya fi dacewa da irin na hannu da ake wa'azi ko sanarwar biki da shi, wanda ba ya jin komai sosai sai abin da ke dab da shi.

Sauran aikin na ɗaki ne da lokaci. Ɗakin da ke da katifa, kafet da labule ya fi falon da babu komai, kuma bargo ɗaya da aka rataya a bango yana rage amsa-kuwwa. A kashe fanka na minti biyar ɗin nan ko da zafin Afrilu ne. Kada a ɗauka waya tana jikin caji, musamman in wutar janareta ce da caja mai arha, don wani zuuu yakan shiga sautin wanda cire shi ke da wuya. Da hantsi kafin titi ya cika, ko bayan isha'i, unguwa ta fi lafawa, kuma a duba agogo kada kiran salla ya riski mutum a tsakiyar magana. Lokacin hunturu soson da ke kan makirufo ba ya tare iska a waje, sai an sa masa hular gashin nan.

Tufafi ma suna magana. Shadda mai sitati tana ƙara duk motsin da aka yi, mayafi da hijabi kuma suna goga kan makirufo in an ɓoye shi a ciki. A maƙala shi a waje, a zura igiyar ta cikin riga, a cire sarƙar da za ta riƙa bugunsa.

CapCut da Audacity suna rage hayaniya bayan ɗauka, amma suna iya wa ƙara mai tafiya bai ɗaya ne kamar ta janareta. Hon ɗin da ya faɗo a tsakiyar kalma, ko muryar da ta fashe saboda an yi ihu dab da makirufo, ba su da gyara. Sai dai a dakata motar ta wuce a maimaita jimlar, kuma a ɗauki daƙiƙa 10 na gwaji a saurara da iyafis kafin a fara na gaske.