Idan Injin Ban Ruwa Ya Ƙi Tashi: Neman Inda Wuta Ta Ɓace

Da zarar an kwashe masara da dawa, sanyi ya fara shigowa, manoman rani a Danja, Bakori, Kafur da bakin dam ɗin Mairuwa sukan fito da injinan ban ruwa daga inda suka yi damina. Tun aikin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, har zuwa shirin Fadama na shekarun 1990, ƙaramin injin fetur ya ture jigo gefe. Da yawa a yau ƙirar Honda GX160 ne ko kwaikwayonsa na Sin, akwai kuma tsofaffin Robin da ke aiki har yanzu. Ranar farko ta tayar da inji ce mai wuya. Mutum ya ja igiya har kafaɗa ta yi tsami, tumatir na jiran ruwa, inji ko tari bai yi ba.

Abin da aka fi yi shi ne a kwance kabureta. Wannan gaggawa ce. Kafin a taɓa hanyar mai, a tabbatar da wuta, domin gwajinta bai kai minti biyar ba kuma ba ya cin ko kwabo.

A kwance filogi a dube shi. Idan bakinsa ya yi baƙi da busasshen hayaƙi, mai ya yi wa injin yawa ko matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu. Idan a jiƙe yake yana warin fetur, mai na zuwa, wuta ce babu. Sai a mayar da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin filogin, a riƙe ta wajen roba, wani ya ja igiya. A yi wannan a inuwa, don da rana tsaka ido ba ya ganin tartsatsin. Shuɗi mai ƙara tas-tas lafiyayye ne. Ja-ja mai rauni yakan fito a waje amma ya kasa a cikin inji, inda iska ke matse. Tazarar bakin filogin GX160 milimita 0.7 zuwa 0.8 ce, kuma manomin da ke ajiye sabon filogi ɗaya a aljihu ya rage wa kansa rabin wahala.

In sabon filogi ma bai kawo wuta ba, kada a yi saurin yanke wa kwayil hukunci. Akwai siririyar waya da ta fito daga kwayil zuwa makunni. Aikinta kashe inji, ta hanyar zubar da wutar a jikin ƙarfe. Idan ɓera ya ɓare mata riga a ɗakin ajiya ta taɓa ƙarfe, injin a kashe yake ko makunni na kunne. A zare ta a sake gwadawa. Wuta ta dawo, to kwayil ba shi da laifi.

A kan wannan layin ne ma'aunin baƙin mai yake, a injinan da ke da shi, kuma shi ya fi ruɗa mutane. Baƙin mai ya yi ƙasa, sai ma'aunin ya yanke wuta don kada inji ya ƙone. Cikin GX160 kusan lita 0.6 yake ɗauka. Ko man ya cika, injin da aka girke a karkace kan gangaren rafi zai iya ƙin tashi, sai an sa dutse ko katako an daidaita shi. Wasu bakanikai sukan cire wayar ma'aunin gaba ɗaya don a huta. Ban yarda da wannan ba: an sayi sauƙin yini ɗaya da ran inji.

Kwayil mai mutuwa yana da hali. Inji ya tashi da sanyin safiya, ya yi rabin awa ya mutu, ya huce ya sake tashi. Wajen ɗaura sabo, tazararsa da maganaɗisun fulawil kamar milimita 0.4 ce. Bakanikai sukan sa kati a tsakani, su bar maganaɗisu ya jawo kwayil, su ɗaure noti, sannan su zare katin. Tsofaffin injina masu foyin da kwandensa kuwa, sai an cire fulawil a goge bakin foyin da takardar yashi mai laushi.

Akwai kuma injin da ke da wuta shuɗiya amma yana fizge igiya daga hannu. Sau da yawa ɗan ƙarfen da ke riƙe fulawil a mazauninsa ne ya karye, wuta na zuwa ba a kan lokaci ba. Wannan aikin bakanike ne.

Duk lokacin da za a tayar da injin don gwaji, a cika cikin famfon da ruwa tukuna. Famfon da ya yi gudu a bushe yakan ƙona sil ɗinsa cikin 'yan mintuna.