Tukunya biyu a murhu ɗaya: Girki ga mai kumburin hanji a Mbamba

A Mbamba da ke Yola ta Kudu, tukunya guda ke ciyar da gida duka. Amma idan kumburin hanji mai naci, wato cutar Crohn ko gyambon babban hanji, ya kama wani, dole uwargida ta ɗora ta biyu.

Ba abinci ke haddasa cutar ba. Garkuwar jiki ce ke far wa hanji. Sai dai idan ta motsa, yaji da suya da wake sukan tsananta murɗar ciki da gudawa. Tuwon shinkafa mai laushi, dafaffen kifin Binuwai da tataccen kunun gyaɗa sun fi kwanciya a ciki, kaɗan-kaɗan sau biyar a rana. Kindirmo kan karɓi wani, ya ƙi wani, don haka a riƙa lura.

Sau da yawa akan ɗauke ta atini, a yi ta shan magani a banza. Wanda gudawarsa mai jini ta ƙi tsayawa ya nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. Idan ciwon ya lafa, a mayar da shi akushin kowa sannu a hankali, domin yawan hani kan jawo rama.