Na'urar Neman Ƙarfe Cikin Ruwa: Abin Dubawa Kafin Saye

Tun shekarar 2014, lokacin da aka gano zinariya a Jado da Cibarakatan cikin jihar Agadas, na'urar neman ƙarfe ta zama sananniya a ƙasar Nijar. Can cikin hamada, rairayi da zafi ne abokan gabarta. A Turai da Amurka kuwa, inda mutane ke yawo da ita bakin tafkuna da koguna suna neman zobba da tsofaffin kuɗi, babban magabcinta shi ne ruwa.

Aikinta ba shi da wuyar ganewa. A ƙasan sandar akwai faifai mai naɗaɗɗiyar waya, wanda ke aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. In ya tarar da ƙarfe, sai na'urar ta yi ƙara. A saman sandar akwai akwati mai ɗauke da ƙwaƙwalwar na'urar, kuma a nan ne haɗarin yake.

Na'urorin sun kasu gida 3. Akwai wadda faifanta kaɗai ke jure ruwa. In akwatin ya nutse, kuɗin mai ita sun bi ruwa. Akwai wadda ke jure yayyafi da ruwan sama, amma ba a tsoma ta. Ta ukun ita ce ake nutsawa da ita ɗungum. Don haka kalmar ɗan kasuwa ba ta isa ba, sai an duba zurfin da kamfani ya rubuta. Alal misali, Garrett AT Pro da Minelab Equinox 800 suna kai mita 3, XP Deus II kuwa mita 20. Alamar IP68 tana nufin ƙura ba ta shiga, kuma ana iya nutsar da na'urar har iyakar da aka faɗa.

Sai kuma irin aikinta. Wadda ake kira VLF tana bambanta ƙusa da azurfa, saboda haka ta fi dacewa da tafki da kogi, inda tarkacen gwangwani ke da yawa. Wadda ake kira PI ta fi ƙarfi a ruwan gishiri da ƙasa mai yawan ma'adini, sai dai tana sa mutum ya yi ta tonon banza. Abin sauraro na kunne shi ma a zaɓi mai waya mai jure ruwa, domin Bluetooth ba ya ratsa ruwa. Robar murfin batir kuma a riƙa share ta, don ƙwayar rairayi guda tana iya buɗe wa ruwa hanya.

Rai ya fi zinariya. In an ji tsawa a bar fili nan take, kuma a tuna ruwan tafki yakan ɗauke da cutar tsargiya.

Doka ma tana da nata faɗi. A Faransa, tun 1989, ba a neman kayan tarihi da na'urar sai da izinin hukuma. A Ingila, dokar 1996 ta ba wanda ya tsinci taska kwana 14 ya sanar. A Nijar ma dokar 1997 tana kare kayan tarihi, domin abin da kakanni suka bari cikin ƙasa gādon al'umma ne baki ɗaya.